Dutsen Wutsiya

A ƙauyen Rito Pardo, in mutum ya ce maka gidansu na ƙofa ta uku ne, to ka san da sanyin safiya yake ba gonarsa ruwa, kuma in ya yi magana a taron coci ana saurare. In ya ce ta goma sha ɗaya, sai dai ka yi masa sannu. A ta goma sha ɗayan aka haifi Celso Gurulé. A bayansa saura ƙofa guda, ta tsohuwa Doña Lugarda, daga ita sai dutsen wutsiya.

Uwa suke kiran magudanar. Kakannin kakanninsu ne suka yanko ta daga rafi a can saman kwari, da shebur na itace, suna jan ƙasa a kan fatar sa. Suka bi da ita gindin tsauni tana rarrafe, tana shayar da kowane gida ta wata 'yar ƙofa ta katako. A da ƙofa ashirin da shida gare ta. Amma duk ranar da gidan ƙarshe ya watse, sai sarkin ruwa ya ciccibi wani farin dutse mai gicciye a jikinsa, ya kawo shi ƙofar da ke sama ya ajiye. Nan Uwa ta ƙare ke nan, ba a ƙara share abin da ke bayan dutse. Dutsen ya tashi lokacin da yaƙi ya cinye samarin gidan Leyba su uku. Ya tashi sau huɗu a shekarar da aka rufe injin yanka katako. Ya tashi da aka ɗauke makaranta aka kai ta bakin kwalta. Kullum sama yake yi. Babu mai rai da ya taɓa jin an mayar da shi ƙasa.

Celso bai nemi sarautar ruwa ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bar gari, ya shekara ashirin da huɗu yana tuƙa katafila a rijiyoyin mai na kudu, bai taɓa yin damina biyu a wuri ɗaya ba. Jana'izar mahaifinsa ce ta dawo da shi, da niyyar kwana bakwai. Aka zauna a ɗakin taron coci, aka duba hagu aka duba dama, aka ga shi kaɗai ne zai iya takawa daga kan Uwa har wutsiyarta bai nemi wurin zama ba. Shi ke nan aka miƙa masa manjagarar sarkin ruwa.

Shekara guda bayan nan gobara ta cinye dajin kan tsauni. Da ruwan sama ya sauka, babu sauran abin da zai tare shi. Ya gangaro da toka da laka da kututture, ya cike Uwa a ƙarƙashin Jan Dutse, tsakanin ƙofar Celso da ta Doña Lugarda. Taku ɗari huɗu, ya bushe ya yi tauri kamar daɓe. Bazara uku ke nan ana zuwa nan gayyar share Uwa ta tsaya. Rijiyar tsohuwar ta ƙafe, don dama abin da Uwa ta tsiyayar a ƙasa take sha. Itatuwan tuffanta arba'in sun koma tara, su ma don Celso na kai musu ruwa a tanki a bayan a-kori-kurarsa, Talata da Juma'a.

Wata Juma'a, ana gobe gayya, ya tarar da farar mota a ƙofar gidan. Ernestina ce, 'yar Doña Lugarda, ta zo daga birni. Tare suka yi makaranta kafin shi ya watsar. Tana tsaye a kicin ta ɗage murfin duro tana leƙawa.

"Celso, zo ka gani. Da wannan uwata take dafa wake?"

"Ai sai an bar shi ya kwanta tukuna."

"Akwai mataccen ƙwaro a ciki."

"Nama ne," in ji Doña Lugarda daga kan kujerarta. "Ke dai ba ki san arziki ba."

Shekararta tamanin da huɗu, 'yar firit, ta lulluɓa da baƙin mayafi, ƙafafunta ba sa kai ƙasa. Ernestina ba ta yi dariya ba.

"Watan jiya ta faɗi da bokiti a hannu. Ta faɗa maka? Ba ta faɗa maka ba. Awa biyu tana kwance a tsakar gida kaji na zagaye ta." Ta juya wurin uwar. "Mama, faɗa masa yadda muka yi da ke."

Tsohuwar ta ɗauki lokaci tana gyara bakin mayafi.

"Na yi mata alkawari, ɗana. Asabar ta sama za ka saki ruwa, ko ba haka ba? In ya iso ƙofata, rijiya za ta dawo, ta ƙyale ni in mutu a inda aka binne cibiyata. In bai iso ba, ran Lahadi in shiga motarta." Ta ɗago ta dube shi. "A bene take zaune, Celso, hawa na shida. Wai akwai akwatin da ke ɗaga mutum sama. Ni da ko tsani ban taɓa hawa ba."

"Zai iso, Doña Lugarda."

"Haka ka ce bara," in ji Ernestina.

"Haka ya ce," in ji tsohuwar. "Ubansa ma haka yake, bakinsa bai iya a'a ba. Je ka sauke ruwan. Ka fara da bishiyar da ke jikin katanga, ita ta fi galabaita."

Washegari mutum tara suka fito da shebur, a garin da ake ba da labarin an taɓa jera saba'in. Ƙa'ida ce kowace ƙofa ta turo mutum ɗaya. Biyu a kulle suke, masu su sai Kirsimeti suke leƙowa, ta Doña Lugarda kuwa Celso ne ke yi mata. Shi ne ƙaraminsu. Melitón na ƙofa ta biyu, mai tumbi da surutu, ya dubi layin ya girgiza kai.

"Kai! In aka tara haƙoranmu duka, ba za su cika bakin mutum ɗaya ba."

"Naka dai suka gudu," in ji matar ƙofa ta bakwai. "Sun gaji da aiki."

Cikon mutum na goma shi ne Kawu Lino, wan mahaifiyar Celso, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana sarkin ruwa kafin gwiwa ta kayar da shi. Ba ya haƙa yanzu. Yana bin gaɓa da sanda, kansa a karkace kamar mai sauraren wata magana a ƙasa. Sauraren kuwa yake yi. Uwa tana da ciki: wani yumɓu mai launin toka, kaurinsa bai fi tafin hannu biyu ba, wanda ruwa ya yi shekara ɗari biyu yana shimfiɗawa kaɗan-kaɗan. Shi ke riƙe ruwa. A ƙarƙashinsa tsakuwa ce zalla. Da ido da wuya ka bambanta shi da lakar da ake kwashewa, amma in shebur ya taɓa shi sautin na canzawa, ya yi wani luf, kamar an bubbuga cikin saniya. Kawu Lino na jin wannan daga taku goma.

"Melitón! Ya isa, ka taɓo cikinta."

"Ban taɓa komai ba, Baba Lino."

"Ka taɓa. Kai dama ba ka san 'ya isa' ba, ga tumbinka nan shaida."

Yakan ja layi da sanda, kowa ya share nasa taku uku, ya kira, a matsa gaba. Haka suka yi tun hantsi, suna sare rassa, suna fid da ganye da yashi, suna toshe ramukan ɓeraye. Da la'asar suka iso Jan Dutse.

Awa biyu suka yi a kan lakar. Shebur na tsalle yana dawowa. Diga ɗaya gare su, suna karɓa-karɓa. Da Celso ya taka abin da suka ci, taku goma sha huɗu ne. Matar ƙofa ta bakwai ta zauna a kan kututture tana kallon tafin hannunta da ya fashe. Babu wanda ya ce a tashi. Ɗaya bayan ɗaya suka daina.

"In Allah ya yarda jikokinmu sa ƙarasa," in ji Melitón. "Au, na manta, suna can birnin Denver."

Kawu Lino ya ja Celso gefe.

"Ƙaramar katafilar nan mai cokali, ta mutumin bakin kwalta. Ka iya ta?"

"Ko ina barci. Amma Kawu, kai da bakinka ka kori wanda ya kawo maganar inji a taro. Ka ce ranar da ƙarfe mai hayaƙi ya shiga Uwa..."

"Na san abin da na ce. A lokacin muna da hannu arba'in." Ya nuna wajen gidan tsohuwar da sanda. "Lugarda ce ta yanke maka cibiya, ka sani ko? Ni zan tsaya maka. In na ɗaga sanda, ka tsaya cak. In na kaɗa, ka ci gaba. Ba za ka taɓa cikinta ba ina nan."

Aka faɗa wa sauran. Aka kalli juna. Melitón ya dubi tsohon, ya dubi Celso, ya ce, "To, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau tsauni ba zai hango ba." Ya saɓa sheburinsa. Ba a ƙirga hannu ba, ba kuma wanda ya ce a'a.

Ran Talata Celso ya hau injin. Shekara huɗu rabonsa da irin wannan kujera, har ya ji kunyar yadda jikinsa ya yi murna. Warin man dizal, rawar ƙarfe a ƙarƙashinsa, hannuwansa sun tuna komai tun kafin shi ya tuna. Cokalin ya nutse a lakar da ta gagari mutum tara, ya yanko ta kamar man shanu. A minti goma ya ci abin da suka ci a awa biyu.

Kawu Lino na tafe a gaɓa, ya ja hula har gira, fuskarsa a kan ramin, yana kaɗa sanda. Ci gaba. Ci gaba.

Wajen tsakar rana, daidai inda dutsen ya fi matsowa, Celso ya ji wani abu a hannunsa. Ba ƙara ba ce, don rurin injin ya rufe komai. Wata 'yar karkarwa ce ta biyo sandar tuƙi, gur-gur, irin ta haƙoran cokali in suna gogar tsakuwa. Ya san ta, ya fi shekara ashirin yana jin ta. Ya sassauta, ya leƙa. Abin da ya zubar a gefe baƙi ne, toka da laka da 'yan duwatsu a ciki. To amma ai ambaliyar ma ta zo da duwatsu. Ya dubi kawunsa. Tsohon na tsaye ƙyam, sanda na kaɗawa.

Ya yi tunanin ya kashe injin ya sauka da shebur ya gwada. Aikin minti biyar ne. Amma yin haka daidai yake da ya ce wa mutumin da ya riƙe Uwa shekara talatin da ɗaya, a gaban Melitón da ya zo kallo, ban yarda da kai ba. A Rito Pardo ba a yi wa babba haka a bakin ruwa. Ga shi ran Alhamis za a mayar da injin. Kuma, in za a faɗi gaskiya, aikin na tafiya da daɗi.

Ya ci gaba. Karkarwar ta bi shi har taku ɗari da wani abu, sannan ta ɗauke. Laraba da rana cokalin ya fasa ta ɗaya gefen. Doña Lugarda ta jawo kujerarta da kanta har bakin katanga, tana tafa hannu kamar yarinya.

Ran Asabar da hantsi suka taru a kan Uwa, inda take rabuwa da rafi. Fada, limamin coci, sau ɗaya yake zuwa a wata, don haka Kawu Lino ne ya cire hula ya yi addu'a, aka tsoma ƙafar ɗan mutum-mutumin San Isidro, waliyyin manoma, a ruwa. Bana ƙanƙarar kan tsauni ta narke sosai, rafi ya cika yana ruri. Celso ya zare katako uku daga babbar ƙofa. Ruwan ya shigo.

Ba a barin ruwan farko ya tafi shi kaɗai. Sarkin ruwa ne ke shiga gabansa da manjagara, yana kwashe tarkacen da bakin ruwan ya turo, har ya kai shi ƙofar ƙarshe. Sai ya taɓa dutsen wutsiya sannan kowa ke da ikon buɗe tasa. Ruwan na tafiya kamar tsohuwa mai zuwa coci, ba sauri ba tsayawa, yana tura kumfa da busasshen ganye, ƙasa na huci a ƙarƙashinsa. Celso na gaba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na bin bayansa.

Ƙofa ta ɗaya. A ta biyu Melitón ya miƙo masa kofi ta kan shinge, ya ce, "Ja ta a hankali, ango, kada amarya ta yi tuntuɓe." Ta huɗu a kulle, ciyawa ta kai taga. A ta bakwai aka jefa fure a ruwan. Ta tara a kulle. Mutane na biye a kan gaɓa, Kawu Lino a cikinsu, hannunsa a kafaɗar Melitón. Rana ta take tsaka suka wuce ƙofar Celso, ruwan ya shiga sabon yanka.

Taku hamsin lafiya lau. Tamanin. Daga nan ana hango rufin kwanon gidan Doña Lugarda da farar motar 'yarta.

Sai Celso ya ga ya yi wa ruwan nisa. Ya tsaya ya jira shi. Bakin ruwan ya iso, ya yi siriri, ya rabu biyu, ya sake haɗewa. Ya ƙara taku shida. Ya tsaya. Daga baya ruwa na ta zuwa, yana ganinsa, cike da magudana, amma in ya iso nan sai ya yi ta juyi a wuri ɗaya, ganye na zagayawa, yana wata 'yar ƙara kamar ana zuƙar romo. Ya wanke baƙar tokar da ta rufe ƙasan. Abin da ya bayyana fari ne, tsakuwa tsaf, tana ƙyalli.

"Ƙasa ce ke sha, ta daɗe da ƙishi," in ji wani. "A ba ta lokaci."

Suka ba ta awa ɗaya. Celso ya tura aka zare sauran katakan babbar ƙofa, aka sako rabin rafin. Ruwan ya ƙaru har yana lasar gaɓa, bakinsa ya matsa taku goma, ya sake tsayawa. Suka zuba ciyawa, suka zuba buhunan yashi. Celso ya shiga har cinya yana tattaka laka da takalmi. Duk inda ya toshe, gaba ta buɗe. Da la'asar matar ƙofa ta bakwai ta kira shi ta nuna masa ƙasa. Can gindin gangare gefen tsaunin ya jiƙe ya yi baƙi, ruwa na tsatsafowa ta cikin duwatsu yana komawa rafin da aka ɗebo shi.

Kawu Lino na zaune a kan kututture, hula a kan gwiwa. Celso ya fito daga ruwan ya tsaya a kansa.

"Kawu, ka kaɗa mini sanda."

"Na kaɗa."

"Ka ga tsakuwar?"

Tsohon ya ɗago fuska. Bai dubi Celso daidai ba, gefen kafaɗarsa ya duba. A karo na farko Celso ya lura da farin da ya kwanta a idanun, kamar an ɗiga madara a ruwa.

"Shekara biyu ke nan, ɗana. Kai ma yanzu inuwa nake gani, da muryarka na san kai ne. Ban damu ba, don dama ba da ido nake aikin ba, da kunne ne. Na ɗauka zan ji." Ya juya hular a hannunsa. "Da ka ta da abin nan ban ƙara jin komai ba. Ko tarin kaina."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In ce me? In ce ni na kawo ka, ni na tsaya, kuma ba ni da amfani?" Ya mayar da hular kan gwiwa. "Na yi ta cewa yaron ya san aikinsa. In ya taɓa zai ji a hannunsa, zai tsaya."

Ruwa na ɗiga daga wandon Celso.

"Na ji," ya ce. "Na ce kai kana gani."

A bayansu ƙasa na ta zuƙa.

"Yaushe cikin zai dawo?" in ji Celso.

"Ni dai tarar da shi na yi. Kakana ma tarar da shi ya yi. In da hannu za a yi, sai an yi jigilar yumɓu daga bayan maƙabarta, a shimfiɗa, a koro tumaki su tattake, a sake shimfiɗawa. Damina guda, mutum talatin, garke guda. Wanne gare ka a ciki?"

Celso shi kaɗai ya ƙarasa, ta cikin busasshiyar magudanar, manjagara a kafaɗa.

Doña Lugarda ta sa an fito da tebur bakin ƙofarta ta ruwa, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, ga butar kofi, ga faranti cike da 'yan biskit masu ƙamshin kirfa, irin waɗanda ake tarbar sarkin ruwa da su. Har ta zare katakon ƙofar ta jingine, abin da bai halatta ba sai ruwa ya taɓa dutse. Kofin ya daɗe da hucewa. Ernestina na tsaye a bayanta ta harɗe hannuwa, kuma ba ta yi kama da wadda ta ci gardama ba.

Tsohuwar ta dubi jiƙaƙƙen wandonsa, ta dubi busasshiyar ƙasar da ke bayansa.

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Kun huda ta."

"Ni na huda ta." Ya ajiye manjagara. "Zan riƙa zuwa da tanki kullum. Ernestina, ki ba ni shekara ɗaya. Zan nemo bututu in shimfiɗa a wurin, zan..."

"Bara ma shekara ɗaya ce, Celso." Muryarta a ƙasa take. "In ta sake faɗuwa ran Asabar fa? Kai za ka tsince ta ran Talata?"

"Ƙyale shi, 'yata," in ji Doña Lugarda. "Alkawari na yi, ba a tilasta ni ba. Zauna, Celso. Ci, ba don kaji na toya ba."

Ya zauna, ya ɗauki ɗaya. Kamar yashi yake taunawa.

"Lino ya yi maka maganar idonsa?"

Ya ɗago kai.

"Tun bara yake gaida itacen ƙofar coci yana ce masa Melitón. Kowa ya sani."

"Kowa? To me ya sa ba wanda ya ce mini komai?"

"Wa zai faɗa? Kawunka ne. Mun ɗauka ka fi mu sani, kana rufa masa asiri ne, ka sa shi tsayawa a gaɓa don ya ji har yanzu da shi ake yi. Muka ce kai da hannunka za ka auna." Ta kaɗe garin biskit daga kan ƙyallen. "Har yabonka muka yi."

Iska ta taso daga saman kwari, ta kaɗa rassan itatuwan tara. Uku a ciki sun yi fure.

"Gobe ka zo da wuri," ta ce. "Ina so a ɗauke dutsen wutsiya ina gani. Mijina ne ya kawo shi nan daga ƙofar da ke ƙasa da tamu, ni na riƙe masa hula. Tun ranar na san za a zo ɗauka."

Ran Lahadi da hantsi an gama loda motar. Kaya kaɗan ne: akwati biyu, tukunyar wake, gicciyen da ke rataye a kan gadonta. An kai kajin ƙofa ta bakwai. Doña Lugarda na zaune a gaba, an ɗaure ta da bel, kanta da ƙyar ya kai taga.

Ba a ɗora dutsen wutsiya a baro, a ƙirji ake kai shi. Celso ya tone gefensa da hannu, ya girgiza shi, ya ciccibe shi. Shekara arba'in yana wurin, ƙarƙashinsa da danshi da fararen saiwoyi. Ya fi yadda ya zata nauyi.

"Celso," ta kira shi ta taga. Ya matso da dutsen a rungume. "Kada ka ƙara kai wa itatuwan ruwa. Ka bar su su mutu sau ɗaya. In sanyi ya gabato ka sare su, itacen tuffa na da daɗin wuta. Ka kai wa Lino rabi."

"To, Doña Lugarda."

"Kuma kada ka riƙe shi a zuciya. Ba shi da wanda zai ja shi coci in ba kai ba."

Ernestina ta ta da mota. Bai tsaya ya ga fitarsu ba, don dutsen ya fara rinjayarsa. Ya sauka cikin magudanar ya kama hanya sama. Taku ɗari uku a busasshiyar ƙasa, sannan ya shiga ruwan da ya kwana yana nutsewa a tsakuwa. Sau biyu ya tsaya ya jingina dutsen a gwiwa. Bai ajiye shi ba.

A ƙofa ta goma sha ɗaya ya dire shi a gaɓa, gicciyen na fuskantar sama. A-kori-kurarsa na nan a tsakar gida, tankin a baya, hancinta na kallon hanyar kwalta. Ya dube ta ya kawar da kai. In ya tafi, ba za a ma sami mai ɗaukar dutsen zuwa ta goma ba.

Ya gitta katako a Uwa ya toshe hanyar Jan Dutse. Ruwan ya taru, ya hau a hankali, ya lashi gindin dutsen. Tun jiya babu wanda ya buɗe tasa ƙofar, duk gari na jira. Celso ya cire hula ya kaɗa wa mutumin ƙofa ta goma, shi kuma ya kaɗa wa na sama da shi. Ya ji an zare katako nan kusa, sannan wani can gaba, sannan wani da ƙyar ya jiyo shi.

Ba a daɗe ba ruwan da ke gabansa ya fara ja da baya. Ya bar jiƙaƙƙen layi a jikin dutsen, rana ta shiga busar da shi. Ran Alhamis ne rabon ƙofar ƙarshe, wato tasa yanzu, in wani abu ya rage. Celso ya ɗauki manjagara ya nufi gidan kawunsa, don an kusa kaɗa ƙararrawar coci.